Sau biyu ana hana mu tallafin koyar da girki, wai me masu gidauniyar nan suke nema ne?

Anti_Mai_Kicin:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar neman tallafi, don ni kam abin ya fara ƙure min haƙuri. Mu wata 'yar ƙaramar ƙungiya ce, mu shida ne, yau shekara uku kenan muna ɗaukar matasa maza da mata, waɗanda suka gama sakandare suna zaune da waɗanda ma ba su samu sun gama ba, muna koya musu girki da karɓar baƙi da gyaran ɗaki irin na otal. Wata huɗu muke yi da kowane rukuni, yara 20 zuwa 25, sau ɗaya a shekara don iya ƙarfinmu kenan. Duk daga aljihunmu ne sai ɗan abin da 'yan'uwa suke miƙowa, kicin ɗin ma aro ne, wata baiwar Allah ce ta ba mu ɓangare guda na gidanta.

Toh bara wani ya ce mana ai akwai gidauniyoyin da aikinsu kenan, ba da kuɗi don a horar da matasa aikin otal da girki, me ya hana mu nema. Muka zauna muka cike fom, muka rubuta duk abin da muke buƙata, manyan murhun gas guda huɗu, firiji, firiza, injin markaɗe, tukwane, janareta, har muka haɗa da hotunan yaran ranar da aka yaye su cikin fararen rigunansu gwanin sha'awa. Wata uku shiru, sai ga imel layi biyu wai sun gode amma ba a zaɓe mu ba. Bana muka sake nema a wani wurin daban, wannan karon har biyan wani yaro na yi da ya ce ya iya rubuta irin takardar, turanci kam ya zuba shi ba ƙarya, ni kaina sai da na nemi a fassara min wasu wuraren, amma amsar dai ita ce ta bara. Kuma ba wanda ya ce mana ga laifinku.

Abin da ke ci min rai shi ne da idona nake ganin yaran nan suna koyo, yaron da ya zo bai iya riƙe wuƙa ba ka ga ya fita yana haɗa abincin mutum talatin shi kaɗai. Shin sai kana da wani a ciki ne ake ba ka? Ko ƙananan ƙungiyoyi irinmu dama ba a kula su, mu haƙura mu daina ɓata lokacinmu? Wanda ya taɓa samu ko ya san yadda suke tantancewa dan Allah ya buɗe min ido.

Malam_Akawu:

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Na taɓa zama shekara biyu a kwamitin da ke karanta irin waɗannan takardun a wata gidauniya, ba ta girki kaɗai ba ce, ta koyon sana'a ce gaba ɗaya, kuma zan gaya miki abin da na gani ko da ba zai yi daɗin ji ba. Maganar sai kana da wani a ciki ba zan rantse miki cewa babu ita ko'ina ba, amma yawancin takardun da muka ajiye gefe ba wannan ne ya kashe su ba.

Abin da kika aika musu, in na fahimce ki, jerin sayayya ne. Murhu, firiji, firiza, janareta. Mai karantawa kuma ba abin da yake nema kenan ba, shi tambaya uku ce a kansa tun kafin ya buɗe shafin farko: yara nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe, nawa ne suke da aiki ko suke sana'ar da hannunsu bayan wata shida da gamawa. Hoton ranar yayewa ba ya amsa ko ɗaya a ciki, kowa yana da hoton yayewa, wallahi har wanda ya tara yaran unguwa rana ɗaya ya ara musu riga yana da shi. Shekara uku kuna wannan aikin, kenan kuna da yara sittin da wani abu da suka bi ta hannunku, wannan ita ce dukiyarku amma ba ku sa ta a takarda ba. Ki ɗauki waya ki bi su ɗaya bayan ɗaya, waye yake ina, nawa yake samu, wata nawa ya yi a wurin, wanda ba ya komai ma ki rubuta ba ya komai da dalili. Mu in muka ga ƙungiya ta ce duk yaranta ɗari bisa ɗari sun samu aiki nan take muke fara zarginta, amma wadda ta ce cikin 60 mun samu 40 a waya, 18 suna aiki, sauran ga abin da ya hana su kuma ga gyaran da muke so mu yi, wannan ita ake zama a saurara.

Sai kuma wani abin da mutane ba sa so su ji, takardu da yawa ko karanta su ba a yi, tun a matakin farko sakatare yake cire su saboda ba su cika sharaɗi ba. Kowace gidauniya tana da iyakarta da aka rubuta mata tun kafuwa, kuma amintattunta ba su da ikon tsallakewa ko da sun tausaya miki. Misali akwai Savoy Educational Trust, daraktoci huɗu na kamfanin otal ɗin Savoy na Landan ne suka kafa ta a 1961, ita kam tana ba da kuɗin gyaran kicin da sayen kaya irin waɗanda kika lissafa, amma aikinta a Birtaniya ne kuma akasari kwalejoji da makarantu take bai wa, waɗanda gininsu nasu ne kuma an san shekara goma mai zuwa suna nan. Ga kuma manya irin gidauniyar Mastercard da ta ware dala miliyan 50 a Ruwanda a 2018 don matasa 30,000 su samu shiga harkar otal da yawon buɗe ido cikin shekara biyar, irin wannan kuɗin ba ya sauka kai tsaye hannun mutum shida, ta hannun makarantu da manyan ƙungiyoyi yake bi, su kuma su nemi ƙananan da za su yi aiki tare. Kinga kenan wani lokacin ba ƙofar gidauniyar za ki ƙwanƙwasa ba, wanda ya riga ya karɓa za ki nema ki ce ga yara ga malamai, ku sa mu a ciki. Kafin ki sake cike wani fom ki nemi jerin waɗanda suka bai wa bara da bara waccan, yawancinsu suna wallafawa a shafinsu, in kika ga ba ko ɗaya mai girmanku toh ki wuce kawai.

Maganar kicin na aro kuma, ki sa kanki a matsayinmu. Mun saya muku firiza da janareta, bayan wata takwas mai gidan ta ce ɗanta zai yi aure tana son ɓangarenta, ina kayan za su? Na wa ne ma? Ki samu ta sa muku hannu a takarda, shekara uku ko biyar, ko da kyauta ta ba ku a rubuta kyauta ne zuwa lokaci kaza. Haka rajista, haka asusun banki da sunan ƙungiya ba da sunanki ba, mutum biyu masu sa hannu, rasit na duk abin da aka saya ko da ashana ce, da lissafin shekara da wani na waje ya duba. In kuna ɗaukar waɗanda ba su kai 18 ba za a tambaye ki rubutacciyar ƙa'idar kare yara, wa yaro zai kai wa ƙara in wani malami ya takura masa, wannan yanzu kusan ba mai ba da kuɗi sai ya gani.

Kuma ki daina biyan masu turanci. Mun san rubutunsu, kala ɗaya ne, sai ka karanta shafi biyar ba ka ga sunan sana'ar ba balle adadin yara. Ki rubuta da bakinki a sauƙaƙe wani ya gyara miki nahawu. Ki raba jimillar kuɗin da kike nema da adadin yaran ki ga nawa ya faɗo kan kowane yaro, don wannan lissafin shi ne na farko da muke yi da biro a gefen takarda. Su biyun da suka hana ki kuma ki rubuta musu cikin ladabi ki ce su ɗan nuna miki inda kuka gaza, wasu ba sa amsawa amma wasu suna yi.

Mai_Leƙe:

Anti ni ba masani ba ne amma ki yi hattara da masu turo saƙo a WhatsApp wai an zaɓi ƙungiyarku ki biya kuɗin fom ko kuɗin sakin kuɗi. Tunda kin fara nema lambarki ta fara yawo kenan. Gidauniyar gaske ba ta karɓar ko sisi a hannun mai nema, kuma ba ta ba ki abin da ba ki nema ba. Wani abokina haka aka yi masa, har da satifiket mai hatimi aka turo masa, sai da ya biya sau biyu sannan wayar ta daina shiga.

Tsohon_Kuku:

Malam Akawu ya yi magana ta takarda kuma ba ni da ja, amma ni bari in shigo ta ƙofar baya don nan na saba bi, shekara 31 na yi a kicin ɗin otal tun daga wanke tukunya har na riƙe kicin ɗin gaba ɗaya. 'Yata, ki yi haƙuri da abin da zan ce. Girki da karɓar baƙi da gyaran ɗaki duka a wata huɗu? Wannan ai taɓa-ka-lashe ne. Ko ni ne mai kuɗin ba zan bayar ba. Ki zaɓi ɗaya ki yi shi da kyau, tunda kicin gare ki toh ki tsaya a kicin, gyaran ɗaki ki bar wa mai ɗakuna.

Kin ce yaro yana haɗa abincin mutum talatin shi kaɗai, madalla, amma ni ranar da aka kawo min sabon yaro ba na tambayarsa me ya iya dafawa. Farcensa nake fara kallo. Sai in ba shi wuƙa da buhun albasa in koma gefe ina kallon yadda ya naɗe yatsunsa, da ko yankan zai fito girma ɗaya, da ko zai goge teburinsa ba tare da an ce masa ba. Sai in ga ko zai yanka ɗanyen nama a kan katakon da aka ware wa ganye. Sai in buɗe firiji in ce me ya kamata ya zauna a sama me a ƙasa, in bai san ɗanyen nama ƙasa yake zama don kar ruwansa ya ɗiga kan dafaffe ba toh ba a koya masa komai ba. Ya san abin sanyi ƙasa da digiri 5 ake ajiye shi, abin zafi sama da digiri 60, tsakanin nan kuma ƙwayoyin cuta ke hayayyafa? Wannan ba ni na ƙirƙira ba, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ce, kuma duk otal ɗin kirki a kanta yake tafiya. Ya iya manna takarda a kan roba ya rubuta kwanan wata, abin da ya fara shiga sito shi zai fara fita? Ya iya auna abu a sikeli ya bi rubutaccen tsari yadda farantin yau zai zama daidai da na jiya, ba wai ɗan kaza ɗan kaza da ido ba? Daɗin hannu na gida ne, otal maimaitawa yake saya. Sannan babbar jarrabawar, zai iya tsayuwa awa goma a kan ƙafarsa cikin zafi ana masa tsawa, gobe kuma ya zo ƙarfe shida ba shida da kwata ba.

Duk wannan ba ya koyuwa a aji sai rabi, ragowar sai a kicin da ake sayar da abinci da gaske, inda oda ke shigowa goma a lokaci guda. Shi ya sa ni a ganina kafin ki nemi gidauniya otal za ki fara nema. Ki je wajen manaja ko shugaban kicin na wurare uku ko huɗu, ki ce ina da yara ina so ku karɓi biyu biyu su yi wata biyu a wajenku, in sun yi muku ku riƙe. In kika samu wannan a rubuce da hatiminsu, ita ce takardar da ta fi duk turancin yaron nan nauyi. Ai akwai wani shiri ma da aka fara a otal ɗin Pan Pacific na Bankok ta ƙasar Tailan a 1995, wanda daga baya aka san shi da Youth Career Initiative ya bazu ƙasashe da dama, shi gaba ɗayansa a cikin otal aka riƙa yin sa, wata shida yaro yana zagaya sassa, ma'aikatan otal ɗin ne malaman. Kuma ba alfarma suke yi ba, su ma suna neman ma'aikata ruwa a jallo, aikin nan mutane ba sa daɗewa a cikinsa. A Kenya ma kwalejin Utalii da aka buɗe a 1975 da taimakon Suwizalan, harajin kashi 2 cikin ɗari da aka ɗora wa otal-otal da gidajen abinci aka yi ta riƙe ta da shi, wato masu cin moriyar horon su ke biya.

Amma fa ki sa ido. Na yi aiki a wani wuri, ba zan kama suna ba, da suke karɓar 'yan koyo shida shida duk wata uku, ba don su koya musu komai ba sai don sun samu masu wanke-wanke kyauta, yaro ya gama wata ukunsa bai taɓa tsayawa gaban murhu ba, a sallame shi a kawo wasu. Na yi magana aka ce ba huruminka ba ne. Don haka a takardar a rubuta sati nawa a wanke-wanke, sati nawa a yanka, sati nawa a murhu, wa zai kula da shi, awa nawa a rana, da ɗan alawus ko na mota ne. Ke kuma duk sati biyu ki leƙa ba tare da kin sanar ba.

Anti_Mai_Kicin:

Kai jama'a na gode, jikina har ya yi sanyi. Malam wallahi ko sau ɗaya ba mu taɓa zama mun bi yaran a rubuce ba, sai dai in an haɗu a hanya a gaisa. Baba maganarka ta yi zafi amma gaskiya ce, gyaran ɗakin ma a kan gado ɗaya muke koyarwa, kuma sikeli ɗaya gare mu shi ma ya lalace tun bara.

Toh ga wata tambayar. Ɗaya daga cikinmu ta dage wai mu daina roƙo, mu nemi tallafi sau ɗaya mu buɗe ɗan gidan abinci, yaran su riƙa koyo a ciki ana sayarwa, ribar ta riƙe makarantar shikenan mun huta da cike fom. Ni abin ya kwanta min amma ina tsoro. Akwai inda aka yi haka ya yi?

Malam_Akawu:

An yi Hajiya, kuma masu ba da tallafi suna son jin wannan maganar don kowannensu fargabarsa ita ce ranar da kuɗinsa ya ƙare aikin ya mutu. Wanda aka fi kawo misali da shi KOTO ne a Hanoi ta ƙasar Biyetnam, Jimmy Pham ya fara shi a 1999 da ɗan shagon sanwic don yaran da ke gararamba a titi, yau wata 24 suke horar da yaro, da turanci da tarbiyyar zaman duniya a ciki, ga gidan abincinsu da baƙi ke ci, satifiket ɗin kuma daga kwalejin Box Hill ta Ostireliya yake fitowa. Amma ki lura, duk da gidan abincin ba su daina neman masu ɗaukar nauyin yara ba. Haka ƙungiyar DC Central Kitchen ta Washinton a Amurka da Robert Egger ya kafa a 1989, kwas ɗinsu na girki sati 14 ne, suna samun kuɗi da kwangilar dafa wa makarantu abinci, su ma har gobe suna karɓar gudummawa.

Ga ɗaya gefen kuma. Jamie Oliver, shahararren kuku ɗan Birtaniya, duk sunansa da kuɗinsa, ya buɗe gidan abinci mai suna Fifteen a Landan a 2002 don horar da matasa marasa aiki, yara da yawa sun zama ƙwararru ta dalilinsa, amma a 2019 da kamfanin gidajen abincinsa ya durƙushe wurin ya rufe, mutum wajen 1,000 suka rasa aiki a rugujewar kamfanin, reshen Fifteen na yankin Cornwall a Ingila ma da wata ƙungiyar agaji ke riƙe da shi bai ga ƙarshen shekarar ba. Sai ga korona a 2020 ta rufe otal da gidajen abinci a duniya, duk makarantar da ta dogara da cinikin teburinta kaɗai ta ji a jikinta.

Dalilin a fili yake. Gidan abinci ko na ƙwararru ne ribarsa siririya ce, toh ina ga wanda ma'aikatansa 'yan koyo ne, ba su da sauri, suna ƙona abu, suna fasa faranti, kuma da zarar yaro ya ƙware ya fara kawo riba lokacin ne za ki yaye shi ki ɗauko sabo da bai san komai ba. Kasuwanci kike yi wanda kullum kike korar gwanayenki da hannunki. Ni shawarata kar ki rubuta cewa ciniki zai riƙe komai, ba za su yarda ba. Ki fara da abin da ba ya cin haya, odar taro da ta ofisoshi daga kicin ɗin da kuke da shi, inda kin san adadin faranti tun kafin ki kunna wuta, ki riƙe lissafinsa daban na shekara guda, sannan ki ce musu ga abin da ciniki yake ɗauka, ragowar muke nema.

'Yar_Fastiri:

Anti sannu da ƙoƙari. Ni irin yaran da kuke magana a kai ce, da tallafi na koyi aikin nan, yanzu shekara biyu ina ɓangaren burodi da kek a wani otal, don haka bari in faɗi abin da manya ba sa gani. A ajinmu waɗanda suka daina zuwa ba wai sun kasa ba ne, wasu ma sun fi ni hannu nesa ba kusa ba. Kuɗin mota ne. Karatu kyauta, kayan aiki kyauta, amma kullum sai ka nemi na zuwa da na dawowa, ga shi da can kana ɗan buga-bugarka kana kawo wani abu gida yanzu ka daina, sati uku huɗu sai a fara ce maka wai wannan makarantar taku yaushe za ta fara biya. Ni kaina saura ƙiris in bari, sai a wata na biyu suka fara ba mu na mota duk ranar Litinin da abincin rana, daga nan ba wanda ya sake fita.

Sai takalmi. Ranar da aka tura mu otal ba a bar wasu sun shiga kicin ba saboda ba su da takalmi mai rufaffen baki wanda ba ya santsi, abin kunya wallahi, wata ƙawata kuka ta yi ta koma gida. Da gwajin lafiya na masu taɓa abinci, shi ma kuɗi ne kuma ba wanda ya gaya mana da wuri. Dan Allah in za ki rubuta ki sa waɗannan, na mota, takalmi, yunifom biyu don a samu na canji, gwajin asibiti, da wuƙa ɗaya mai kyau da yaro zai tafi da ita in ya gama. Na san ba su da kyan gani a takarda kamar firiza amma su ne suke riƙe mutum.

Mu mata kuma akwai ƙarin matsala, aikin dare da tashi ƙarfe sha ɗaya, da yadda wasu iyayen da sun ji kalmar otal hankalinsu ke tashi. Abin da ya taimake ni shi ne malamarmu da kanta ta zo ta zauna da babana, kuma ta sa aka rubuta cewa 'yan koyo mata aikin safe za su yi. Bayan na fara aiki ma wata shida tana kirana duk ƙarshen wata, akwai lokacin da wani babba a wurin ya fara min maganar banza, ita na gaya wa, ita ta san yadda ta yi aka canza min sashe. Da ba ta kira ba da na ajiye aikin ban gaya wa kowa dalili ba.

Malam_Akawu:

Ƙanwata kin faɗi abin da na manta. Hajiya duk abin da ta lissafa ana sa shi a kasafi kuma ana biya, har da albashin mai bibiyar yaran bayan sun gama da kuɗin katin wayarta. Makarantar Sala Baï da wata ƙungiyar Faransa ta buɗe a Siem Reap ta Kambodiya a 2002 haka take yi, ba karatun kaɗai ne kyauta ba har masauki da abinci da yunifom, kuma kashi 70 cikin ɗari na gurabenta 'yan mata take bai wa. Abu ɗaya dai, kuɗin da aka ba ki don takalmi takalmi za ki saya, in janareta ya lalace kika ɗiba kika gyara ba tare da kin nemi izini a rubuce ba, ko da niyyarki fes take, ranar bincike sunansa karkatar da kuɗi.

Anti_Mai_Kicin:

Na dawo da labari. Kwana tara muna kan waya ni da sakatariyarmu. Yara 68 suka bi ta hannunmu, mun samu 43, sauran layinsu ba ya shiga ko sun canza. 14 suna aiki a gidajen abinci da otal, 9 suna yin oda daga gida, 6 sun koma karatu, ragowar suna zaune, kuma kusan duk na zaunen maganar 'Yar_Fastiri suka maimaita min, an kira su gwaji ba na mota ko ba kayan sawa. Ni ban ma san muna da mutum 14 a bakin aiki ba wallahi. Mai gidan ta yarda za ta sa hannu shekara uku. Sannan ɗaya daga cikin yaran namu ya yi min hanya wajen shugaban kicin ɗinsu, ya ce in zo ranar Alhamis bayan an gama abincin rana. Baba me zan riƙe in tafi da shi, in ɗauki hotunan da satifiket ɗinmu?

Tsohon_Kuku:

Bar hotunan a gida 'yata. Ki ɗauki yara biyu da kika fi yarda da hannunsu, su yanke farce, ba zobe ba agogo ba turare, takalmi rufaffe ko aro ne, ku isa saura kwata. In ya ce su shigo su taya shi shirin abincin dare kar ki ce za ki bi su, ki samu kujera a waje ki jira.